Muhawara: A ina ya dace a sanya aikin yankunan faifai a cikin tsarin gudanar da kwamfuta?

Sabon Magini:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wani ƙaramin tsarin gudanar da kwamfuta, kuma na kai matakin da direban faifai, wato shirin da ke magana da na'urar ajiya, yake iya karanta sekta (ɗan gutsuren faifai da ake karantawa ko rubutawa a tashi ɗaya) ya kuma rubuta ta idan aka ba shi lambarta. Abin da ya tsayar da ni yanzu shi ne yadda zan tafiyar da yankunan da ake raba faifai zuwa gare su. Tunanina na farko shi ne direban kowane faifai ya karanta teburin yankuna, wato jerin da ke nuna wurin da kowane yanki yake a kan faifai, da kansa, sannan duk buƙatar da ta zo masa ta zo da lambar yanki tare da lambar sekta. Amma na lura cewa idan na yi haka, sai na maimaita aiki ɗaya a direban kowace hanyar haɗa faifai da kwamfuta: na SATA, da na NVMe, da na USB. Wata hanyar kuma ita ce tsarin fayiloli ya riƙe mafarin yankinsa, ya riƙa ƙara shi a kan kowace lamba kafin ya aika wa direba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya: wace ce ta fi dacewa a cikin biyun, ko kuwa akwai ta uku da ban hango ba?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam Malam. Akwai ta uku, kuma ita ce nake ba ka shawarar ka bi. Kada direba ya san cewa akwai wani abu wai shi yanki, haka nan kada tsarin fayiloli ya sani. Ka fara tsara mahaɗa guda ɗaya wadda kowace na'urar ajiya za ta amsa: girman sektarta, yawan sektocinta, karantawa, rubutawa, da umarnin tabbatar da cewa abin da aka rubuta ya sauka a kan faifai. Bayan haka sai ka mayar da yanki wata na'urar ajiya mai amsa wannan mahaɗar kanta, wadda ba ta riƙe komai ba face abubuwa uku: uwar da take zaune a kanta, sektar da ta fara, da tsawonta. Idan buƙata ta zo, sai ta duba ko tana cikin iyaka, ta ƙara mafarin, ta miƙa wa uwar.

Amfanin wannan yana bayyana ne a ranar da ka buƙaci ɗora wani abu a kan wani. Tsarin gudanarwa na BSD ya daɗe yana sanya nasa tebur a cikin yanki guda na MBR, wato tsohon salon teburin yankuna, shi ya sa a FreeBSD kake ganin suna kamar ada0s1a, wato yanki a cikin yanki. Haka nan RAID mai haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, da LVM mai tara sararin ajiya ya sake raba shi, da ɓoye bayanai irin na LUKS, dukkansu na'urori ne da ke zaune a kan wasu na'urori. Idan yanki yana magana da harshe ɗaya da faifai, duk waɗannan za su hau kan juna ba tare da ka taɓa direba ko tsarin fayiloli ba.

Ita kuwa hanyar da tsarin fayiloli ke ƙara mafari da kansa, ka guje ta ƙwarai, domin kuskure ɗaya a lissafinsa zai sa ya rubuta a cikin yankin maƙwabcinsa, kuma babu wanda zai tsayar da shi.

Malamar Tsaro:

Na yarda da abin da Malam ya faɗa game da siffar yanki, amma ina so in ja hankali kan duba iyakar da ya ambata a taƙaice, domin a nan ne ake yawan tuntuɓe. Idan aka rubuta sharaɗin da cewa mafarin buƙata a haɗa da tsawonta kada ya wuce tsawon yanki, to mai mugun nufi zai iya ba da lamba mai girman gaske, jimillar ta cika ma'aunin lissafi ta koma ƙarama, sharaɗin ya wuce lafiya. Abin da ya dace shi ne a fara tabbatar da cewa mafarin bai wuce tsawon yanki ba, sannan a kwatanta tsawon buƙatar da abin da ya rage bayan an debe mafarin.

Na biyu, ba karantawa da rubutawa kaɗai ne ke bi ta wannan mahaɗa ba. Umarnin TRIM, wanda ke gaya wa faifan SSD cewa an daina amfani da wasu sektoci, shi ma yana ɗauke da lambobi, don haka dole a fassara shi a kuma iyakance shi. Mafi haɗari shi ne umarnin da ake miƙa wa na'ura kai tsaye ba tare da fassara ba. A ƙarshen shekarar 2011 an bayyana wata kafa a Linux inda wanda aka ba izinin yanki guda kaɗai yake iya aika umarnin SCSI, wato harshen da ake ba faifai umarni da shi, ta ƙofar da ake kira SG_IO ya taɓa kowace sekta ta faifan gaba ɗaya, saboda umarnin yana wucewa zuwa ga uwar da lambobinsa yadda suke. Saboda haka ina ganin ƙa'idar yanki ta zama ƙin duk wani umarni da bai san yadda zai fassara shi ba.

Sabon Magini:

Na gode Malam, na gode Malama. Na fahimci cewa yanki zai zama na'ura mai zaman kanta. To wa zai karanta teburin ya ƙirƙiro waɗannan na'urori? Kanel ne, wato zuciyar tsarin gudanarwa, ko wani shiri da ke gudana a wajensa?

Tsohon Hannu:

Ni a ganina kanel ya karanta MBR da GPT, wato sabon salon teburin da ya biyo bayansa, domin aikin bai kai a yi masa doguwar hanya ba. MBR, wanda ya zo da PC DOS 2.0 a 1983, sekta ɗaya ce mai bayit 512. Teburin yana farawa daga bayit na 446, da gurabe huɗu masu bayit 16 kowanne, sannan bayit biyu na ƙarshe su ne alamar 55 AA. Kowane gurbi yana ɗauke da nau'in yanki, da sektar farawa, da yawan sektoci, kuma tun da lambobin na bit 32 ne, iyakarsu ke nan kimanin terabayit 2 a faifai mai sekta 512. GPT ya fi tsari: a sekta ta 0 akwai MBR na kariya mai nau'in EE, a sekta ta 1 akwai kanun da ke farawa da kalmomin EFI PART, sai jerin gurabe, waɗanda yawanci 128 ne masu bayit 128 kowanne, kuma akwai kwafi na biyu a ƙarshen faifai. Duka biyun shafuka kaɗan na rubutu za su ishe su.

Babban dalilina kuwa shi ne lokacin tayar da kwamfuta. Kanel yana buƙatar ya nemo yankin da tushen fayiloli yake, wato inda fayilolin tsarin kansa suke zaune, kuma idan shirin da zai karanta tebur yana zaune a cikin wannan yankin, to ka ɗaure kanka. Linux da Windows duk a cikin kanel suke yin wannan aikin, kuma sun daɗe suna tafiya a haka.

Malamar Tsaro:

A nan ne na saɓa da kai, Malam, tare da girmamawa. Teburin yankuna bayani ne da ya fito daga waje, kuma duk wanda ya soka ƙaramin faifan USB a jikin na'ura ya miƙa wa mai karanta teburin duk abin da ya ga dama, tun kafin kowa ya shigar da kalmar sirri. Ka ce MBR sekta ɗaya ce, amma ka tsallake yankin faɗaɗawa, mai nau'in 05 ko 0F, inda kowane yanki na ciki yake da nasa ƙaramin tebur da ke nuni zuwa na gaba kamar sarƙa. Idan wani ya sa mahaɗin sarƙar ya koma baya, mai karatun da bai ƙidaya matakansa ba zai yi ta zagaye ba ƙarshe, kuma idan a cikin kanel yake, to na'urar duka ta tsaya. GPT ma bai tsira ba, domin yawan gurabe da girman kowane gurbi lambobi ne da aka rubuta a cikin kanun, kuma wanda ya ninka su ya nemi wurin ajiya gwargwadon sakamakon ba tare da iyaka ba ya buɗe ƙofa. Lambar CRC32 da ke cikin kanun, wadda ake lissafawa don gane ko bayanin ya sauya, tana kama lalacewar da ta faru bisa tsautsayi ne kawai. Mai mugun nufi zai lissafa tasa daidai.

Akwai tsarin da ya nuna cewa ana iya raba aikin biyu. A Plan 9, wanda aka yi a Bell Labs, direban faifai yana karɓar umarni ta wani fayil na sarrafawa, inda ake rubuta masa sunan yanki da farkonsa da ƙarshensa, shi kuwa karanta teburin wasu shirye-shirye ne na waje suke yi. Linux ma yana da wannan ƙofa ta BLKPG, wadda shirin partx ke amfani da ita wajen ƙara yanki ko cire shi. Batun tayar da kwamfuta kuma yana da magani, tun da mai lodin kanel, wato shirin da ke ɗauko kanel lokacin tayarwa, yana iya ɗauko ƙaramin tarin fayiloli na farko zuwa ƙwaƙwalwa, mai karanta tebur yana ciki.

Tsohon Hannu:

Maganarki tana da nauyi, Malama, kuma ban musa haɗarin sarƙar ba. Inda nake tsayawa shi ne cewa mai gina tsari shi kaɗai, wanda bai riga ya samu hanyar gudanar da shirye-shirye da wuri ba, za a ɗora masa aikin watanni domin kauce wa matsalar da iyakoki kaɗan za su magance. Amma akwai matsaya da nake ganin za mu haɗu a kanta: a rubuta mai karanta teburin a matsayin aiki mai tsabta, wanda ake ba shi hanyar karanta sekta, shi kuma ya mayar da jerin mafarai da tsawo, ba ya taɓa komai na kanel. Ƙirƙirar yanki kuma ta zama ƙofa dabam, mai yin nata binciken ko da wa ya kira ta. Idan aka yi haka, yau yana cikin kanel, gobe a fitar da shi waje ba tare da an sake rubutawa ba, kuma ana iya gwada shi da dubban tebura gurɓatattu a kan kwamfutar da ake aiki da ita.

Malamar Tsaro:

Wannan na amince da shi, da sharaɗin cewa ƙofar ƙirƙirar yanki ba za ta yarda da mai karatun ba ko da suna ɗaki ɗaya. Ta ƙi yankin da ya wuce ƙarshen faifai, ta kuma ƙi wanda ya hau kan wani da yake buɗe.

Mai Kula da Sabobi:

Ku gafarce ni in shigo da abin da ba a taɓa ba tukuna, wanda a wurinmu masu kula da injuna shi ne ya fi cin rai. Lissafin mafari da tsawo ana gama shi a yini guda. Abin da ke ɗaukar shekaru kafin ya daidaita shi ne rayuwar yanki: yaushe ake haifarsa, wa yake riƙe da shi, kuma me zai faru idan teburin ya sauya alhali ana amfani da shi.

Ka ɗauka an ɗora tsarin fayiloli a kan yanki na biyu, wato an haɗa shi ana amfani da shi, sai mai kula ya buɗe faifan gaba ɗaya ya ƙara yanki na uku a sararin da ya rage. A Linux, umarnin sake karanta tebur, BLKRRPART, yana ƙin aiki idan akwai yankin da yake buɗe, domin hanyarsa ita ce ya rushe duka ya sake ginawa. Wannan ne ya sa shekaru da yawa ake cewa mutane su sake tayar da na'ura bayan sun gyara tebur, har aka koma dogaro da ƙarawa da cirewa ɗaya bayan ɗaya. Kai da kake farawa daga tushe, ka tsara sake karatun ya zama kwatantawa: yankin da bai sauya ba a bar shi, sabo a ƙirƙira shi, wanda ya ɓace a cire shi idan ba kowa a kansa, wanda kuma yake buɗe aka ce mafarinsa ya motsa a ƙi, a kuma faɗa wa mai kula dalili a fili. Ƙara tsawon yanki yana buɗe abu ne da ya kamata ka yarda da shi tun farko, domin a injunan da ke kan faifan kwaikwayo, wato faifan da manhaja ta ƙirƙira ba na ƙarfe ba, kullum ana faɗaɗa faifai ana so yankin ƙarshe ya bi shi. A irin wannan hali kuma kwafin GPT na biyu ba ya ƙarshen faifai kuma, don haka kada ka ɗauki rashin ganinsa a can a matsayin lalacewar tebur.

FreeBSD ya yi wa wannan matsala tunani mai zurfi a tsarin GEOM, wanda Poul-Henning Kamp ya rubuta, ya kuma fito a siga ta 5.0 a 2003. Kowace na'ura tana da ƙidaya uku: masu karatu, masu rubutu, da masu riƙon keɓewa, kuma buɗe yanki yana hawa har zuwa uwarsa, ta yadda ba za a buɗe faifan duka don rubutu ba alhali an ɗora wani yankinsa. Idan sabuwar na'ura ta bayyana, ana miƙa ta ga kowane aji, wato sashen GEOM mai kula da aiki guda kamar karanta tebur, ya ɗanɗana ya ga ko ya gane abin da ke kanta, kuma idan aka rubuta a kanta aka rufe, sai a sake ɗanɗanawa. Ko ba ka kwaikwayi tsarin duka ba, waɗannan ƙidaya uku sun cancanci ka ɗauke su.

Ɗalibar Injiniya:

Malam, ina da tambaya a kan wannan. Idan an hana rubutu a faifan gaba ɗaya matuƙar akwai yankin da yake buɗe, ta yaya za a gyara teburin faifan da tsarin kansa yake gudana a kai, ko a sabunta mai lodin kanel da ke sekta ta farko?

Mai Kula da Sabobi:

Tambaya ce mai kyau, 'yar'uwa. Hanyoyi biyu na sani. Ta farko ita ce gyaran ya bi ta hannun mai kula da yankunan, kamar yadda gpart yake yi a FreeBSD: ana gaya masa abin da ake so, shi ya rubuta teburin ya kuma gyara na'urorin a lokaci guda. Ta biyu ita ce a bar faifan a buɗe don rubutu, amma a duba kowace buƙata, a ƙi wadda ta faɗa cikin yankin da wani yake riƙe da shi. Windows ya ɗauki irin wannan mataki tun daga Vista, inda yake hana rubutu kai tsaye a sektocin da ke ƙarƙashin tsarin fayiloli da aka ɗora sai an kulle shi ko an sauke shi. Ni na fi son ta biyun ga ƙaramin tsari, domin ba ta tilasta wa kanel ya iya rubuta kowane irin tebur.

Akwai kuma wani tarko a nan. Idan kana ajiye kwafin sektoci a ƙwaƙwalwa domin sauri, sekta ɗaya tana iya samun kwafi biyu, ɗaya da sunan faifai, ɗaya da sunan yanki, kuma su saɓa wa juna. Ko dai ma'ajiyar ta zauna a ƙasa, tana gane sekta da lambarta ta asali a kan faifai, ko kuma buɗe faifai gaba ɗaya ya riƙa tsallake ma'ajiyar.

Tsohon Hannu:

Tun da an zo kan tarkuna, bari in ƙara waɗanda ke cikin tebura kansu. MBR yana ba da mafari da yawan sektoci, shi kuwa GPT yana ba da sektar farko da sektar ƙarshe, kuma ta ƙarshen tana cikin yankin, don haka tsawo shi ne bambancinsu a ƙara ɗaya. Duk lambobin kuma da girman sektar faifan ake auna su. A faifai mai sekta 4096, kanun GPT yana bayit na 4096 ne, kuma wanda ya kafe 512 a cikin rubutunsa ba zai same shi ba. Sai kuma faifan da babu tebur a kansa sam, wanda aka shimfiɗa masa tsarin fayiloli na FAT tun daga sekta ta 0. Ita ma wannan sektar tana ƙarewa da 55 AA, don haka alamar kaɗai ba hujja ba ce. Ka duba cewa bayit na farko na kowane gurbi 00 ne ko 80, kuma lambobin sun yi daidai da girman faifai, kafin ka ce ka ga MBR.

Daidaito ma yana da muhimmanci. Tsofaffin shirye-shirye suna fara yanki a sekta ta 63, wadda ba ta faɗa kan iyakar 4096 ba, sai kowane rubutu a faifan zamani mai nuna 512 alhali cikinsa 4096 ne ya zama karantawa da gyarawa da sake rubutawa. Yau ana farawa a sekta ta 2048, wato mebibayit 1. Ba aikin kanel ba ne ya ƙi yankin da bai daidaita ba, amma ya kamata yanki ya sanar da na samansa girman sekta na zahiri da kuma yadda mafarinsa ya kauce.

Sabon Magini:

Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsayar: yanki na'ura ce mai uwa da mafari da tsawo, mai ƙin duk umarnin da ba ta san fassararsa ba. Mai karanta tebur zai zauna a kanel a yanzu, amma a ware, kuma zan fara da GPT, sannan MBR da iyakar matakai a sarƙarsa. Zan ɗauki ƙidayar masu riƙo, in kuma yi sake karatu ta hanyar kwatantawa. Abin da ya rage mini shi ne suna. Na yi niyyar in kira su da lambar faifai da lambar yanki, kamar yadda Linux ke cewa sda1.

Mai Kula da Sabobi:

Irin wannan suna yana da kyau ga idon mutum, amma kada ka bari wani saiti ya dogara da shi, domin jerin da faifai ke bayyana yana sauyawa idan an ƙara wani ko an canza masa mazauni. GPT ya ba kowane yanki lambar GUID tasa ta kansa, wato doguwar lambar shaida, ban da wadda ke nuna nau'insa, kuma da ita ya kamata a nemi tushen fayiloli. A MBR za ka iya haɗa lambar shaidar faifai, mai bayit 4 da ke farawa a bayit na 440, da lambar gurbi, kamar yadda Linux ke yi a PARTUUID. Lambar yanki kuma ta bi gurbinsa a tebur: idan gurbi na biyu babu kowa, na uku ya ci gaba da zama na uku, kada ya matso.

Malamar Tsaro:

Ka kuma yanke tun yanzu abin da za ka yi idan yankuna biyu suka zo da GUID ɗaya, domin hakan yana faruwa duk lokacin da aka kwafi faifai sekta bayan sekta aka haɗa su biyun a na'ura guda, kuma mai mugun nufi yana iya yin haka da gangan da faifan USB. Kada sabon shigowa ya ƙwace sunan daga wanda ya riga shi. Idan kuwa a lokacin tayarwa ne aka same su tare, tsarin ya fifita faifan da mai lodi ya ce daga kansa aka taso, in kuma babu wannan bayanin, ya tsaya ya tambayi mai na'urar wanne yake nufi.